Bakaniken da ya hana a sauke min injin tarakta, amma ya cinye min kwana shida

Taraktata Massey Ferguson 375 ce, mai injin Perkins silinda huɗu. Ta hannu na saye ta a 2016, bayan da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi kowa ya koma fadama. Ita ke yi min haro a fadamar Bunza, ita nake bayarwa haya, da ita nake riƙe da gida. To bana, daidai lokacin da ake shirin noman rani, sai ta fara hayaƙi. In tana tsaye injin na aiki, wani shuɗi-shuɗi ne ke fita daga salansa. Da an sa mata haro ta shiga laka kuwa sai ya koma baƙi ƙirin, ƙarfinta ya ragu, ga shan gas kamar ana zubarwa a ƙasa.

Bakaniken da na fara kira ko murfi bai buɗe ba. Ya tsaya daga nesa ya kalli hayaƙin, ya ce ringi ne, sai an sauke inji, a canza fistin da ringi da hannun riga, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki. Kun dai san inda kuɗin kayan nan suka kai yanzu. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafin buhu nawa na shanshera zan fitar daga rumbu.

Wani maƙwabcin gonata ne ya ce kada in yarda a taɓa injin sai wani dattijo da ke aiki a Jega ya gani. Wallahi abin da mutumin nan ya yi a cikin awa guda shi ya sa nake wannan rubutu.

Da sassafe ya iso, ya hana direba tayar da ita har sai da ya gama dube-dubensa. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya murza man a yatsa, ya shinshina. Ya ce da ruwa na shiga inji da man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, wannan kuwa lafiyarsa ƙalau, sai dai ya ɗan tsinke kuma yana warin gas. Sannan ya sa aka tayar, ya buɗe murfin lagireto tun injin bai yi zafi ba, ya tsaya yana kallon ruwan. Babu kumfa ko ɗaya. Ya ce to gasket ɗin kan inji bai ƙone ba, mu cire shi daga lissafi.

Sai ya durƙusa ya tara tafin hannunsa a bakin bututun nan da ke fitar da numfashin inji ta ƙasa. Ya daɗe a haka. Ya ɗago ya ce, “Alhaji, ringin ga da sauransu. Injin da ringinsa ya mutu, nan za ka ga yana huci yana tofar da mai.” Jin haka sai na ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Daga nan ya nufi matatar iska, irin ta da, mai kwano da ake zuba baƙin mai a ciki don ya kama ƙura. Da ya kwance kwanon, abin da na gani ya ba ni haushi ƙwarai. Ƙasansa laka ce ta daskare kusan rabi, sama kuma an cika mai har ya wuce layin da aka zana. Ashe yaron direba duk sanda aka ce ya duba, ƙara mai kawai yake yi, bai taɓa zubarwa ya wanke ba. Dattijon ya bayyana min cewa injin na zuƙo wannan man tare da iska yana ƙonawa, shi ne shuɗin hayaƙin da aka ɗora wa ringi laifinsa. Lakar kuma ta shaƙe hanyar iska, gas ya yi yawa iska ta yi kaɗan, shi ne baƙin. Ya ce da ƙurar hunturu irin ta wajenmu, kwanon nan kullum ya kamata a leƙa shi.

Bai tsaya nan ba. Bayan an wanke an zuba mai daidai layi, shuɗin ya ɗauke, amma baƙin bai tafi duka ba. Sai ya ɗauki sufana ya riƙa sassauta bututun nozul, wato abin da ke fesa gas cikin kowace silinda, ɗaya bayan ɗaya injin na aiki. Na farko, muryar injin ta faɗi. Na biyu haka. Da ya zo na uku, kusan babu abin da ya canza. Ya ce wannan ba feshi yake yi ba, ɗiga yake yi, kuma shi ke sa gas na gangarawa cikin baƙin mai. Ya ba da shawara a kai duka huɗun a gwada su a kan na’ura a Birnin Kebbi. Kuɗin dubawar da ya faɗa, ni da kaina na ƙara masa.

To daga nan ne fa raina ya soma ɓaci. Ya ce kwana biyu. Ya tafi da nozul huɗu, tarakta ta zauna a bakin gona ba ta motsi. Kwana na uku na kira, waya a kashe. Na huɗu yaronsa ya ɗauka ya ce maigida ya tafi wani aiki Kamba. Ni kuwa mutum uku sun riga sun ba ni kafin alƙalami, irin shinkafarsu ya isa dashe, suna ta sintiri a ƙofar gidana. Ɗaya daga cikinsu ya gaji ya ɗauko wata tarakta, na mayar masa da kuɗinsa, kuma mutum ne da muka shekara biyar muna hulɗa. Wannan ya fi komai yi min ciwo. Sai a rana ta shida ya dawo, ko haƙuri na kirki bai ba ni ba, kuma ya ce in biya kuɗin motar zuwa da dawowa, abin da ba mu yi maganarsa ba tun farko. Na biya, amma na faɗa masa bai kyauta ba. Da ya ce min mako guda zai yi, ai da na san abin da zan gaya wa mutane.

Aikin dai ya yi. An canza kan nozul ɗaya, an daidaita sauran, muka zubar da tsohon baƙin mai da filta. Yanzu mako uku tana haro daga safe har la’asar, hayaƙi sai ɗan kaɗan in an taka ta da ƙarfi, kuma jarkar gas tana kai ta inda da ba ta kaiwa. Da asuba in sanyi ya yi yawa takan yi farin hayaƙi na ɗan lokaci, na kira shi a kan haka, wannan karon ya ɗauka. Ya ce gas ne da bai gama ƙonewa ba saboda injin ya yi sanyi, in bar ta ta ɗumama. In dai farin ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to in kashe ta in neme shi.

Zan neme shi ɗin, domin ban ga mai kunne da hanci irin nasa a kan injin gas ba. Amma ko ƙusa ɗaya ba zan sake barinsa ya tafi da ita ba, ni zan hau mota in kai Birnin Kebbi in tsaya a kai har a gama.