Sharhi: faifan Olodum na farko, "Egito Madagáscar"

Mun saurari wannan faifai na 1987 a waya, a mota, da kuma ta manyan sifiku. Hukuncinmu shi ne: wanda zai ji shi da lasifikar waya kaɗai, ya ajiye kuɗinsa.

Dalilin yana cikin gangunan. Olodum ƙungiyar baƙar fata ce da aka kafa a 1979 a unguwar Pelourinho ta birnin Salvador, jihar Bahia ta Brazil, don su ma su fita kanibal, bikin kaɗe-kaɗe da raye-raye da ake yi a kan titi duk shekara, da nasu kiɗan. Salon da suka yi suna da shi, samba-reggae, Neguinho do Samba ne ya tsara shi. Ƙashin bayansa manyan ganguna ne da ake kira surdo: biyu masu faɗin inci 22 zuwa 24 suna amsa wa juna, ɗaya ta buga ɗaya ta mayar, sai masu ɗan ƙaranci su riƙa cike tsakani. A samansu akwai repique, ƙaramar ganga mai kaifin murya da ake kaɗawa da siraran sanda biyu, da caixa, wata ƙaramar ganga mai siraran wayoyin ƙarfe a ƙasanta. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi irin na surdo, don haka abin da ke saura sai ƙarar repique, kamar ruwan sama a kan kwano. A mota kuma matsalar ta juye: idan aka ƙure bes, wato sauti mai zurfi, gangunan biyu na ƙasa sai su cakuɗe, amsa-amon da ke tsakaninsu ya ɓace. A bar bes a tsakiya, a ɗan rage sautin sama.

Waƙar da ta ɗauki faifan ita ce "Faraó Divindade do Egito" ta Luciano Gomes, wadda ta mamaye kanibal na 1987. Tarihin fir'aunonin Masar take rerawa, jagora ya bayar taro su amsa, don tuna wa baƙaƙen Bahia cewa kakanninsu sun gina daula. "Madagascar Olodum" ma haka take, darasin tarihi a kan ganga.

Aibinsa a bayyane yake. Ɗakin naɗa sauti ya matse kiɗan da aka ƙirƙira don titi, muryoyi sun yi gaba da yawa, kuma wanda bai jin Fotugis zai ga waƙoƙin ƙarshe sun yi kama da juna.

Waɗanda suka san Olodum ta "The Obvious Child" ta Paul Simon a 1990, ko bidiyon Michael Jackson na "They Don't Care About Us" da Spike Lee ya ɗauka a Pelourinho a 1996, a can ƴan rakiya suka gani. A nan su ne masu gida, ba jita ba piyano. Daga baya sun ƙara kayan kiɗan zamani, sautin ya yi laushi, kuma mu dai mun fi son na farkon. Makinmu: huɗu cikin biyar.