Garejin da ya fara da awo kafin ya ƙara gas

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2004, kuma tun da zafin watan Afrilu ya kankama a Kano na'urar sanyaya cikinta, wadda muke kira esi, ta fara nuna gazawa. Idan ina gudu a kan titin Zariya iska mai sanyi takan fito daidai gwargwado, amma da zarar na shiga cunkoso ko na tsaya a danja sai ta koma ɗumi, har gumi ya jiƙa mini bayan riga. Sau biyu ina biyan kuɗin ƙarin gas a wurare daban-daban, kuma duk biyun sanyin bai kai wata guda ba.

Garejin da wani abokin aikina ya nuna mini ƙarami ne, rumfar kwano ce da mutum uku ke aiki a ƙarƙashinta, sai dai yadda maigidan wurin ya tunkari matsalar ne ya sa nake wannan rubutu. Bai taɓa tukunyar gas ba sai da ya tambaye ni lokacin da sanyin ke ɗaukewa. Da na faɗa masa, ya ce, “Yallaɓai, motar da ke sanyi a guje ta ƙi sanyi a tsaye, sau da yawa iska ce ba ta ratsa kwandansa.” Ya ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, a bututu biyu, na ƙaramin matsi da na babba, ya sa na tayar da injin na bar shi a tsaye. Ina kallo allurar babban matsi ta yi ta hawa, sannan kwamfuresa, wadda ke matsa gas ɗin tana tura shi cikin bututun, ta yanke da kanta. Ya buɗe bonet ya nuna mini cewa ɗaya daga cikin fankoki biyu da ke bayan lagireto ba ta juyawa ko kaɗan. Kwandansar kuwa, wadda ke gaban lagireto kuma aikinta fitar da zafin gas ɗin, ƙurar hunturu da busassun ƙwari sun toshe haƙarƙarinta.

Bai tsaya nan ba, domin ya ce gas ba ya ƙonewa kamar fetur, saboda haka idan ya ragu to akwai inda yake yoyo. Ya bi bututun da fitila har ya kai wata mahaɗa kusa da kwamfuresa inda ƙura ta manne da maiƙo, ya shafa ruwan sabulu, nan take kumfa ta fara tashi. Zoben robar da ke wurin ne ya bushe ya tsage saboda tsufa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda ya mayar da gas ɗin. Bayan ya sauya zoben da fankar, ya haɗa famfon da ke zuƙe iska da danshi daga bututun na kusan rabin sa'a, ya kashe shi ya jira ya tabbatar allurar ba ta motsa ba. Sannan ya ɗora tukunyar gas ɗin, nau'in R134a, a kan sikeli, ya zuba adadin da ke rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet, wato rabin kilo da ɗan ɗoriya. Waɗanda na je wurinsu a baya da taɓa bututu da hannu suke auna cikar gas, alhali idan ya yi yawa yana rage sanyi kuma yana wahalar da kwamfuresa.

Wurin yana da nasa naƙasu. Ba su da kayan gyara a ajiye, don haka sai da aka aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa neman fanka, na yini a kan benci daga hantsi har bayan la'asar. Ba su ba ni rasit ba sai da na nema, kuma matatar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja, wadda muka tarar ta yi baƙi ƙirin, ni ne na tuna musu da ita. Kuɗin aikinsu ya fi na masu ƙarin gas nesa ba kusa ba, amma an faɗa mini shi tun kafin a kwance ƙusa ɗaya.

Yau wata uku ke nan da gyaran, kuma ko a cunkoson Kantin Kwari da tsakar rana sanyin bai sake ɗaukewa ba.