Mun biya kuɗin kallon tsuntsaye, aka kai mu Mabamba da rana tsaka

Kamfanin nan da ke tallata tafiyar kallon tsuntsaye da namun daji zuwa Yuganda, wanda hotunansa suka cika Facebook, shi muka bi ni da yayana. Ba sai na faɗi kuɗin ba, duk wanda ya taɓa tuntuɓarsu ya san abin da suke karɓa, ya kuma san ba na wasa ba ne. Tsarin da suka ce na masu tsuntsaye ne muka zaɓa, kuma abu uku suka rubuta mana baƙi da fari: jagora masanin tsuntsaye, fita da sassafe kullum, da fadamar Mabamba a safiyar farko. Mun biya kafin alƙalami tun da wuri, muka cika sauran kafin mu tashi, muka tanadi katin rigakafin shawara da ƙasar ke buƙata. Ta ɓangarenmu babu abin da ya rage.

Yaya ya daɗe yana bin tsuntsaye, littafin da yake rubuta waɗanda ya gani har bangonsa ya fita. Yuganda tana da nau'in tsuntsaye sama da 1,000, amma shi ɗaya ne ya hana shi barci, wato shubil. Tsuntsu ne mai launin toka, tsayinsa ya wuce mita ɗaya, bakinsa kamar takalmin katako da ƙugiya a ƙarshe. A duniya gaba ɗaya 'yan dubbai suka rage, a fadamun Sudan ta Kudu da Yuganda da Zambiya da maƙwabtansu. Mabamba, da ke gefen Tafkin Biktoriya kusa da Entebbe, tana cikin wuraren da aka fi samun ganinsa, tun 2006 ma aka sa ta cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Sai dai ganin nasa na da lokaci. Da sanyin safiya yake fitowa bakin ciyayi yana dakon gaiwa. Rana na ɗagawa, jiragen masunta na kai da kawo, sai ya lume cikin fadamar inda kwalekwale ba ya shiga, ko ya tashi sama yana shawagi. Duk wanda ke sayar da tafiyar tsuntsaye ya san wannan, ko dai ya kamata ya sani.

An ce mana ƙarfe shida mota za ta zo. Kafin shida muna bakin ƙofar masauki, Yaya da madubin hangen nesa rataye a wuya. Shida ta wuce, bakwai ta wuce. Na kira direba bai ɗaga ba, na kira ofis wayar a kashe. Muna zaune muna jin kukan tsuntsaye a bishiyoyin farfajiya yana raguwa, gari yana ɗaukar zafi. Sai bayan tara motar ta shigo, da wasu baƙi a ciki da jakunkunansu. Ashe jirginsu ne ya makara, kamfanin ya tura direbanmu filin jirgi ya jira su, aka haɗe mu tafiya ɗaya ba tare da an tambaye mu ba. Mutanen ba su da laifi, su zakuna da giwaye suka zo gani, an kuma sayar masu da tasu tafiyar kamar yadda aka sayar mana da tamu. To amma daga nan aka tsaya su canji kuɗi, aka sake tsayawa su sayi layin waya. Maimakon a tsallaka ruwa daga mashigar Nakiwogo, wadda ita ce gajeriyar hanya, direba ya zaga ta ƙasa saboda kayan da ke cikin mota. Rana na tsakiyar kai muka isa.

Mai kwalekwalen da ya karɓe mu ya dubi sama, ya dube mu, bai ce komai ba. Wallahi bawan Allahn nan ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya kashe inji ya koma tura jirgin da gora cikin 'yan siraran hanyoyin ruwa, ciyayi sun fi mu tsayi hagu da dama. Da muka kai inda ruwa ya janye, ya naɗe wando ya dira cikin taɓo har ƙugu, yana jan jirgin da mu a ciki, gumi na zuba daga haɓarsa. Can ya hau kan bakin jirgin ya yi ɗage yana leƙa bayan ciyayi, ya kira 'yan uwansa masunta a waya ko wani ya gani. Amsa ɗaya ce: da safe akwai biyu a nan kusa, har wasu baƙi sun yi ta ɗaukar hoto, yanzu sun shige. Da safe! Lokacin da muke zaune a bakin ƙofa muna kiran wayar da ba a ɗagawa.

Mun ga wasu tsuntsayen, ba zan ɓoye ba. Akwai masu dogayen yatsun nan da ke takawa kan ganyen bado ba sa nutsewa, akwai zalɓe, akwai kirinjijiya, akwai wani ɗan mitsitsi mai shuɗin baya da jan baki da ke tsunduma ruwa ya fito da kifi. Amma duk Yaya ne ya faɗi sunayensu, shi da mai kwalekwale. Jagoran da aka yi mana alkawari kuwa, nan muka gane direban ne. Ko madubin hangen nesa ba shi da shi, balle littafin gane tsuntsaye. Duk farin tsuntsu a wurinsa balbela ne, duk mai lanƙwasasshen baki mikiya. Mutum ne mai fara'a, ya kuma iya tuƙi, sai dai ba wannan muka saya ba.

A hanyar komawa na ce, "Yaya, yau sai na ga bayan mutanen nan." Ya rufe littafinsa ya ce, "Bar shi kawai. Tsuntsun bai yi mana alkawari ba, su suka yi." Wannan sanyin nasa ya fi ƙona min rai fiye da a ce faɗa ya yi. Da daddare na samu wata a ofishinsu, ta ce min ai namun daji ba a ba da tabbacin ganinsu, yana nan rubuce a takardar da na sa wa hannu. Na ce Hajiya, ban nemi tabbacin tsuntsu ba, tabbacin ƙarfe shida na nema. Na roƙa a mayar da mu washegari da asuba, ta ce jadawali ba ya taɓuwa, an riga an kama ɗakuna a gaba.

Ɗakunan dai lafiya lau, da gidan sauro da ruwan zafi, motar ma rufinta na buɗewa. A hanyar arewa mun tsaya Ziwa, inda aka dawo da karkanda a 2005 bayan farauta ta ƙarar da su daga ƙasar a farkon shekarun 1980, muka taka da ƙafa muka gan su kwance a inuwa. Daga nan sai gandun dajin Murchison Falls, mafi girma a Yuganda, wanda aka kafa a 1952. Nan kogin Nilu ke matsewa ta wani tsagin dutse mai faɗin kusan mita 7 ya faɗo ƙasa mita 43, ƙararsa har cikin ƙirji. Raƙuman dawa, ɓauna, giwaye, mariya garke-garke, duk mun gani, ga burtu yana takawarsa cikin ciyawa. Abokan tafiyarmu sun samu zakunansu, sun yi murna. Ni dai raina a ɓace yake.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa a Paraa, mashigar jirage da ke cikin gandun, shi ne ya ga littafin Yaya ya tambaye shi me ya rage masa. Da ya ji, sai ya ce kowa jirgin da ke hawa sama wajen faɗuwar ruwa yake shiga, amma akwai wanda ke gangarawa ƙasa da sassafe, zuwa inda Nilu ke rarrabuwa ya shiga Tafkin Albat, can ma akwai shubil. Washegari tun duhu bai gama washewa ba muna cikin jirgin. Dorinai na huci a gefe, kadoji a kan yashi, gauraka biyu suka wuce ta kanmu, tsuntsun da ke kan tutar ƙasar. Mun daɗe muna gangarawa, har na fara cire rai, sai matuƙin ya rage inji ya nuna da haɓa.

Yana tsaye a kan ciyayin da ke yawo bisa ruwa, bai fi taku ashirin daga gare mu ba, baki a kwance kan ƙirji, idanu farare-farare suna kallon ƙasa. Ko motsi babu. Mun zauna shiru har ƙafata ta yi sanyi, shi ko gezau. Kwatsam sai ya faɗa gaba da dukkan jikinsa, fukafukai a buɗe, kai cikin ruwa, ya ɗago da gaiwa haɗe da tarin ciyawa. Ya yi ta kaɗa kai hagu da dama ciyawar na zubewa ta gefen baki, kifin na nan riƙe, sannan ya haɗiye, muna ganin yadda yake sauka a maƙogwaro. Ya kurɓi ruwa, ya koma ya ƙame kamar ba shi ba. Na waiga na ga hannun Yaya na rawa, ya kasa riƙe biro. "Ka gani ko? Ka gan shi ko?" yake ta ce min ƙasa-ƙasa. Na ce na gani, Yaya. A wannan lokacin da an miƙo min takardar ra'ayi da tauraro huɗu zan ba kamfanin, har ina cewa a raina komai ya wuce.

Da na natsu sai na tambayi kaina, su me suka yi a ciki? Jirgin nan ba ya cikin jadawalinsu. Daga aljihunmu muka biya, kuma sai da na yi ta lallashin direba kafin ya yarda ya kai mu bakin ruwa da asuba. Kamfanin da ke kiran kansa na masu tsuntsaye bai san da wannan hanya ba, ko ya sani bai ga dalilin faɗa mana ba bayan abin da ya yi mana a Mabamba. Sannan ga dajin Budongo. An rubuta mana safiya guda a hanyar nan da ake kira Royal Mile, wadda masu tsuntsaye ke ƙetaro duniya dominta saboda tsuntsayen kurmi da ba a samu a fili. Aka soke, wai mafi rinjaye a mota sun fi son a koma neman damisa. Mafi rinjayen da ba mu muka gayyato su ba. Ko gargaɗin ƙudan tsando ba su yi mana ba, alhali baƙaƙen kaya da shuɗaye ke jawo shi, Yaya kuwa rigunansa kusan duk shuɗaye ne. Bayansa ya sha cizo ta cikin riga har ya yi rudu-rudu.

Wanda duk zai bi su, ya sa a rubuta masa sunan jagoran, ya yi magana da shi a waya kafin ya biya ko sisi, ya tambaye shi tsuntsaye biyu uku ya ji amsarsa. Ya sa a rubuta cewa motar tasa ce shi kaɗai. Mabamba kuma a sa ta a farko, a bar wata safiyar a ƙarshe kafin jirgin komawa, tunda ga ta nan kusa da filin jirgin Entebbe. Mu da an bar mana wannan safiyar da ban rubuta rabin abin nan ba.

Sun yi alkawarin mayar mana da kuɗin jagora da na Budongo. Tun da muka dawo nake aika saƙo, kullum amsar ita ce akanta ba ya nan. Shekaranjiya sai ga saƙonsu ya shigo, na buɗe da sauri ina zaton shaidar biya ce. Hoton shubil ɗin da Yaya ya ɗauka suke roƙo, wai za su sa a shafinsu a matsayin abin da baƙinsu ke gani. Na tura masu lambar asusuna a karo na ban san adadi ba, na ce hoton yana nan, sai kuɗin sun shigo za mu yi maganarsa.