Hotunan ɗaliban shekarun 1960: sikana ko kyamarar waya?

Malam, tunda littafin tunawa ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai za ta buga da hotunan nan, sikana za ka nema.

Yawancin hotunan wancan zamani baƙi da fari ne, wani bai kai tafin hannu ba. Na 'yan aji kuwa, sai ka ga mutum arba'in sun jeru a ƙofar ɗakin kwana, kowace fuska kamar ƙwayar wake. To a nan sikana take nuna kanta. Ka sa 600 dpi (wato yawan ɗigon da take ɗauka a kowane inci) ga hoton mutum ɗaya ko biyu, 1200 ga na taro. Maɗaba'a 300 dpi take so, saboda haka hoto mai santimita 6 da 9 da aka ɗauka a 600 zai ninka girmansa a takarda bai fashe ba. Ka ɗauka da launi ko da baƙi da fari ne, gyaran jan da ya yi ya fi sauƙi a haka, sannan ka ajiye a TIFF, nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage kyau. Shi JPEG duk gyaran da aka yi aka sake ajiyewa, sai ya rage kyau. Ƙura kuma hure ta ake yi da ɗan famfon iska. Kar tsumma mai laima ya taɓa shi, fuskar hoton takan yi danƙo ta kwaile. Ka juya bayansa ma ka ɗauka, sau da yawa sunaye da shekara can aka rubuta su.

In akwai nagetif, sai sikana irin Epson V600 mai fitila a murfi, daga 2400 dpi zuwa sama. Amma ka kashe Digital ICE, wato tsarinta na goge ƙura da ƙarce, a kan nagetif baƙi da fari, azurfar da ke jikin fim ɗin tana rikita shi, hoton ya fito dabbare-dabbare. In babu nagetif, Canon LiDE 400 ta wadatar, da wutar USB kaɗai take aiki.

Waya dai ta yi maganin wanda ya manne da gilashin firam ko ya fi A4 girma. Ban da wannan, ƙyalli ne da karkacewa, ga manhajar kyamara tana shafe fuska har dattijo ya kasa gane kansa.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Za a nuna maka 19200 dpi a jikin kwali, alhali ƙari ne na manhaja, ainihin ƙarfin idon na'urar za ka tambaya. In ta hannu ce, a gwada maka da farar takarda a gabanka, in ka ga layi ya ratsa daga sama har ƙasa ka bar musu kayansu. In V600 ce, ka duba ko maƙalan fim, wato abin da ake jera nagetif a ciki, suna nan.

Wajen tura wa mai bugawa ta WhatsApp, ka aika a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse su. Asalin hotunan kuma kar wanda ya kai su lamineshan.