Daren Tokyo bayan jirgin ƙarshe: otal ɗin kafsul ko shagon manga?

A Tokyo jiragen ƙasa suna tsayawa tsakanin ƙarfe 12 da 1 na dare, ba sa sake tashi sai wajen 5 na asuba. Waɗannan sa'o'i ne wasu marubutan Japan na zamani ke ɗebo labaransu masu kama da mafarki. Wanda jirgi ya bari kuwa, tasi ta fi ƙarfin aljihunsa, makwanci yake nema.

Otal ɗin kafsul na farko an buɗe shi a Osaka a 1979, zanen Kisho Kurokawa, mai tsara gine-gine. Kafsul gurbin kwanan mutum ɗaya ne mai tsawon kusan mita 2, an jera su hawa biyu. Ka cire takalmi a ƙofa, ka kulle kayanka, ka yi wanka, ka ja labule. Barci za ka samu, in minsharin maƙwabci ya ƙyale ka.

Shagon manga (wurin karanta littattafan zanen Japan) ya fi araha, ya kuma fi cika da mutane iri-iri. Ɗan lungu ne da kujera mai kwantawa, kwamfuta, dubban littattafan zane a kanta, injin shayi da lemo ba ƙarin kuɗi. Bangon bai kai rufi ba, kana jin tarin wanda ke gefe da ƙarar madannansa har gari ya waye. Abin da ke taɓa zuciya shi ne ba kowa ba ne baƙon dare ɗaya. A 2018 gwamnatin Tokyo ta ƙiyasta kusan mutum 4,000 marasa muhalli ke kwana a irin waɗannan wurare kullum.

Matafiyi mai gajiya, kafsul zan nuna masa. Mai son rubuta labarin birnin da dare, shagon manga ya kamata ya kwana.