Gargaɗi ga masu shirin ƙara wa laftof ram

Jama'a, don Allah duk wanda zai sayi ram (ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) ta hannun masu talla a Facebook da WhatsApp ya tsaya ya karanta wannan tukuna. Abin da ya same ni a Kano ne, kuma daga baya na gano ba ni kaɗai mutumin ya yi wa ba.

Laftof ɗina HP EliteBook 840 G2 ce, tokumbo, da ita nake buga wa ɗalibai aikinsu, da ita nake ciyar da gida. Ram ɗinta 4GB ne, tana jan ƙafa, sai na ga tallar wani mai cewa yana da 8GB sabo fil a rahusa. Ya aiko yaro da shi a 'yar leda, sitikar jiki an rubuta PC3L-12800S, daidai irin wanda kwamfutata ke ɗauka. Na biya, na saka.

A daren ne allo ya fara yin shuɗi, da rubutun MEMORY_MANAGEMENT, sai ta mutu ta tashi da kanta. Washegari ta yi sau huɗu, har aikin wata ɗaliba shafi talatin ya salwanta a hannuna. Na kira mai tallar, ya ce Windows ɗina ne ya lalace. Na sauke sabo, bai hana ba. Da na sake kira sai murya ta yi laushi: "Yallaɓai, ai bod ɗin ne ya ƙone, babban faifan ciki da komai ke haɗe a kansa. Kawo ta in saya a matsayin kayan gyara, kada ka yi asara duka." Farashin da ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta ba. Wallahi saura ƙiris in yarda.

Wani mai gyara a unguwarmu ne Allah ya haɗa ni da shi. Bai ma taɓa bod ɗin ba. Ya cire sabon ram, ya mayar da tsohon shi kaɗai, kwamfuta ta kwana uku ko gezau. Sannan ya mayar da sabon, ya buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin kwamfuta, a shafin SPD mai bayanin ram, ya nuna mini da yatsa: 1.50V. Nan ya yi mini bayani cewa wannan nau'in ram, DDR3, iri biyu ne masu kama ɗaya, ƙafafu 204 duka, rami ɗaya suke shiga. Na gama-gari yana son wuta 1.5V, shi kuwa DDR3L, wanda ake rubuta wa PC3L, 1.35V yake sha, kuma shi irin kwamfutata ke bayarwa. Da ya ɗaga gefen sitikar da farce, sai ga sauran gam ɗin tsohuwar da aka ɓare. MemTest86, manhajar gwada ram, da ya kunna daga filash kuwa, tun zagayen farko kurakurai suka cika allo.

In za ku saya, ku tafi da laftof ɗin shagon, a saka a gabanku, a gwada kafin ku ba da kuɗi. Kada ku bar masa tsohon ram ɗinku a musaya, don shi ne shaidarku. In ta fara mutuwa bayan ƙarin, ram ɗin za ku fara cirewa kafin ku saurari maganar bod daga bakin kowa.

Mutumin ya toshe lambata ranar da na tura masa hoton sitikar. Tallarsa kuwa har yanzu tana yawo, sunan shafin kawai ya canza.