Raga ko buɗe kai? Amsa kan kumburin jijiyar Inna

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya ce an yi ma Inna skana a Yamai anka ga jijiyar jini ta kumbura cikin kai, milimita 15, ba ta hwashe ba, likitoci sun ce ko a buɗe kai ko a sa ragar ƙarhe cikin jijiyar, wanne ya hi? Allah ba ta lahiya.

Buɗe kai tsohon aiki ne, tun 1937 Walter Dandy ya fara shi a Amurka. A yanke ƙashin kai a maƙale wuyan kumburin da ɗan ƙarhe, in ya kama ranar nan zance ya ƙare. Amma tiyata ce babba, kuma in kumburin na can ƙasan ƙwaƙwalwa kusa da jijiyar ido, isa wurin ma aiki ne.

Ita raga ba a taɓa kai, ta jijiyar cinya ko ta hannu ake zura siririn tiyo har can, a shimhiɗa ta cikin jijiyar ta rufe bakin kumburin. Wadda anka hi sani ita ce Pipeline, a 2011 Amurka ta yarda da ita don irin waɗannan manya masu hwaɗin wuya, daga milimita 10 zuwa sama. Kamar ka kafa zana bakin wani lungu na Gulbi, ruwa ya bi hanyarshi, na cikin lungu ya kwanta laka ta taru har ya cike. To haka jini ke daskarewa ciki, amma sannu sannu, wata 6 har shekara, ba ranar aiki ba.

Nan ne nike so ka tsaya. Ƙarhe cikin jijiya yana jawo gudan jini, dole ta sha magungunan hana gudan jini, aspirin da clopidogrel, kullum wajen wata 6, aspirin ma ya wuce haka. Mu kuma ka san halinmu, tsohuwa ta ji sauƙi ta ce ta warke, ko magani ya ƙare a ce sai ranar kasuwa, raga ta toshe sai shanyewar ɓarin jiki. Saboda maganin nan ne ma ba a cika sa ta ga wanda tashi ta riga ta hwashe ba.

Ni dai ga babba irin wannan raga nike gani, in har akwai mai tsare mata magani da kuɗin komawa hoton jijiya bayan wata 6. In babu, gaya ma likitan gaskiya tun kahin a sa rana.